Gwajin jinin gano waɗanda korona ta taɓa kamawa: abin da aka tattauna

Zancen da aka yi kan wannan gwajin ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda wannan ba gwajin tsinken hanci ba ne. Jini ake ɗiba a duba ko jiki ya ƙera garkuwa, alamar cutar ta taɓa shiga, ko da mutum bai yi ko atishawa ba. Mai zazzaɓi yau kada ya dogara da shi, garkuwar kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana.

2. An yi ta kawo binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya (NCDC) da cibiyar binciken lafiya ta Najeriya (NIMR) suka yi a 2020 kan yawan masu wannan garkuwar: Legas da Enugu kashi 23 cikin 100, Nasarawa 19, Gombe 9. Wato waɗanda suka kamu sun ninka adadin da aka sanar nesa ba kusa ba.

3. Wajen ɗibar jinin, a bi gida-gida, ba asibiti kaɗai ba. Kuma a fara da mai unguwa, in ba haka ba, ana ganin sirinji a ƙofa za a ce maigida ba ya nan.

4. Inda aka rabu: wasu na ganin wanda aka samu da garkuwa ya tsira daga sake kamuwa ke nan. Wasu suka ce tana raguwa, allurar rigakafi ma tana sa ta bayyana. Ni dai ina tare da na biyun.