Mashaƙo ya shigo gidan hayarmu, dole ne sai na killace yarana?

Baban Walid:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku ba ni shawara. Gidan haya muke a nan Kano, banɗaki ɗaya rijiya ɗaya, yara kuwa duk a tsakar gida suke wuni. Shekaranjiya aka kai ɗan maƙocina asibiti wuya ya kumbura yana numfashi da ƙyar, aka ce mashaƙo ne aka kwantar da shi ɓangaren da ake killace su. Jiya sai ga ma'aikatan lafiya sun zo sun rubuta sunan kowa, suka ba yara magani suka ce ba boko ba islamiyya sai bayan kwanaki. To ni yarana lafiyarsu lau ko tari ba sa yi, ga jarrabawa ta matso, ga sunan ƙanwar uwargida ranar Asabar ta ce ita fa sai ta je da su. Wannan zaman dole ne ko irin kullen korona ne?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Baban Walid don girman Allah kada a kai yaran nan gidan suna. Lafiya lau ɗin da kake gani ba hujja ba ce, mashaƙo kan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin ya nuna, wani lokacin har 10, kuma akwai yaron da zai ɗauki ƙwayar a maƙogwaro shi bai kwanta ba amma yana rabawa ta tari da atishawa da kofin da aka sha ruwa. Ka duba gidan suna, ɗaki cike da mata ga jariri ɗan kwana bakwai da ko allurar rigakafin Penta (mai kare yara daga mashaƙo) ta farko bai kai a yi masa ba, tunda sai sati 6 ake farawa, sannan sati 10 da 14. Shi wanda ya kamu an ware shi ne saboda idan ba magani zai iya yaɗawa har makonni, amma da an fara ba shi maganin kashe ƙwayar yawanci bayan kwana biyu ya daina. Naku kuma da suka yi cuɗanya da shi ido ake sa musu kwana 7 zuwa 10, su shanye maganin duka ba wai a daina rana ta uku don an ga suna wasa ba. Kullum da safe ka haska maƙogwaronsu da tocilar waya, in ka ga wani fari-fari mai ruwan toka ya manne, ko zazzaɓi, ko yaro ya ƙi haɗiyar abinci, asibiti kai tsaye.

Ɗan Kwari:
Anti duk mun ji amma magana ta gaskiya killacewa a gidan haya ai labari ne kawai, ina za ka ware yaro a ɗaki ɗaya da mutum bakwai? A 2020 haka aka rufe Kano tun watan Afrilu har azumi ya same mu a kulle, mai fita ya nemo na cefane kullum ya rasa yadda zai yi, shi ya sa yanzu da an ce killace mutane suke ɓoye mara lafiya. Ni abin da nake so a faɗa mana shi maigidan fa, shi ma zama zai yi? wa zai ciyar da su

Malam Na Ƙofa:
Ɗan Kwari ka faɗi gaskiya kan yunwa, sai dai abin ba bature ya kawo mana ba. Hadisi ya inganta cewa idan annoba ta ɓarke a gari kada na waje ya shiga kada na ciki ya fita. Sayyidina Umar ma yana hanyar Sham da ya ji annoba sai ya juya da jama'a, da aka ce gudun ƙaddara yake ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Baban Walid ka lallashi uwargida, ta aika da barkarta ta kira a waya, zumunci bai yanke ba.

Maman Sa'a Damagaram:
Mu ma nan wajen Matamai mun gan shi a 2023, Allah kada ya maimaita. Abu ɗaya zan ƙara, kada kowa ya yarda a ce belu ne a kira wanzami, wannan fatar ta maƙogwaro in aka taɓa ta jini take yi, kuma dafin ciwon har zuciya yake taɓawa, allurar karya dafin a asibiti kawai take. Sannan ku ji tausayin maƙocin nan, na ga yadda ake gudun mutane har a daina sayen ƙosan matar gida bayan yaron ya warke sarai. A zuba musu abinci a ajiye a ƙofar ɗaki, a gaisa daga nesa.

Anti Nas:
Ɗan Kwari ba kulle gari ake ba wannan karon, masu cuɗanya ta kusa kawai ake bi. Maigida ya tambayi waɗanda suka zo ranar da zai iya komawa kasuwa, shi ma ya karɓi nasa maganin, in fita ta kama dole ya sa takunkumi ya rage shiga taro. A gida kuma ko ɗaki ɗaya ne ana iya raba kofi da cokali, a buɗe taga, a hana yaran ɗakuna haɗuwa a tabarma ɗaya. Baban Walid ka nemo katin rigakafinsu yau, yawancin yaran da mashaƙo ya kwantar a Kano tun ƙarshen 2022 ba su cika allurarsu ba. Wanda ya tsallake ko ɗaya ka faɗa wa ma'aikatan in sun dawo, manyan yaran ma akwai tasu, Td ake ce mata.