Me Za Mu Kira "Manuwal Fokas" da Hausa?

'Yan uwa masu sana'ar hoto, ina so mu tsayar da magana a kan kalma ɗaya. Duk wanda ya zauna zai rubuta kwatance tsakanin manyan gilasan kyamara irin su Zeiss Otus, Leica Noctilux da Voigtländer APO-Lanthar, ya san inda alƙalami ke cijewa. Abin da ya haɗa su shi ne babu inji a cikinsu, da yatsu ake murza su har hoto ya fito garau, kuma har yau ba mu da sunan wannan aiki da kowa ya yarda da shi.

"Mai da hankali da hannu" da ake gani a wasu fassarori, mu bar shi. Gilashi ba shi da hankalin da zai mayar.

Wasu sun ce a bar shi "manuwal" kawai, tunda haka bakin kowa ya saba. Matsalar ita ce harafin M da ke kan kyamara wani abu daban yake nufi: kai ne kake zaɓar gudun shata (labulen da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto) da faɗin ƙofar haske. Kana iya kasancewa a kan M alhali inji ne ke nemo maka fuskar mutum. Ɗalibin da aka ce masa "koma manuwal" ba zai san wanne ake nufi ba.

Shawarata ita ce "saitin nisa", sai mu ce "saitin nisa da hannu", a taƙaice "saitin hannu", kishiyarsa kuma "saitin inji". Ku duba jikin kowane ɗayan waɗannan gilasai, za ku ga an zana lambobin mita da ƙafa a kan zoben, daga mafi kusa har alamar nisa mara iyaka. Idan ka murza zoben, gilasan ciki ne suke matsawa gaba ko baya, kana zaɓar tazarar da abin da ke wurinta zai fito da kaifi. Aikin ke nan. Kuma saiti kalma ce da muka sani a wurin maharbi, mai rufe ido ɗaya har sai abin da yake nema ya tsaya masa.

A nan ne bambancin waɗannan gilasai yake fitowa, kuma shi ya sa abin ya dame ni. Noctilux 50mm f/0.95, wanda ya fito a 2008, idan ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya mutum yana tsaye a mita 1, abin da zai fito da kaifi kusan santimita 2 ne kawai. Ido ya fito, kunne ya dusashe. A kyamarar Leica M kana haɗa hotuna biyu ne a tsakiyar mahangi har su zama ɗaya, ba ka ganin dusashewar a cikin mahangin. Otus 55mm f/1.4 na 2013 nauyinsa ya kai wajen kilo 1, zobensa yana zagayawa fiye da rabin da'ira, don haka kana da fili ka matsa kaɗan-kaɗan. Ga mai aiki a kan ƙafar kyamara wannan ni'ima ce, ga mai bin yara suna gudu wahala ce. APO-Lanthar 50mm f/2, wanda kamfanin Cosina ke ƙerawa a Japan, bai kai su buɗewa ba, amma ƙarami ne, kuma da ƙyar kake ganin koren layi ko shunayya a gefen abubuwa masu ƙyalli. In aka ce in ɗauki ɗaya in yini da shi a wuya, shi zan ɗauka.

Wani abokin sana'a ya kawo "saitin kaifi", yana cewa "nisa" zai rikice da zum. Malam, hujjarka tana da ƙarfi, amma zum jawowa yake yi, kuma "jawo" ta ishe shi. Kaifi kuma muna bukatarsa a wani wuri: gilasai biyu na iya zama a saiti ɗaya daidai, ɗaya ya fi ɗaya kaifi. In mun kashe kalmar a kan saiti, da me za mu faɗi wannan?

Ku gwada "saiti" a baki: "saiti ya kuɓuce", "ya saita a kan ido", "wannan gilashin saitin hannu ne, zobensa da santsi". Saura layukan nan masu launi da kyamarori marasa madubi ke zanawa a gefen abin da ya shiga saiti. Ni "alamar saiti" nake ce musu, wanda yake da wadda ta fi ta ya kawo.