OSPF ko BGP tsakanin rautarmu da ta kamfanin layi?

Injiniya_Kn:
Slm jama'a, shawara nake nema. Hedkwatar kamfaninmu na Kano, muna da rassa a Kaduna da Katsina da Gusau, yanzu za mu haɗa su ta MPLS na wani kamfanin sadarwa, wato hanyar haɗa ofisoshi ta cikin netwok ɗinsu, sun turo fom wai mu zaɓi abin da zai gudana tsakanin rautarmu (na'urar da ke zaɓa wa data hanya) da tasu, satatik (hanyoyin da ake sawa da hannu) ko OSPF ko BGP (tsare-tsare biyu da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da su). Ni dai OSPF na fi sabawa da shi don shi muke yi a cikin gida. Sai dai akwai layin rediyo namu tsakanin Kano da Kaduna, muna so ya zauna na ko-ta-kwana in faiba ta yanke. Ya kuke gani?

Dan_Sabon_Gari:
Wslm. Katsina da Gusau ai layi ɗaya ne kowanne, ka sa musu satatik kawai ka huta, ba wani zaɓin hanya da za su yi.

Malam_Rauta:
Injiniya ka yi hattara da OSPF ɗin nan saboda rediyon. Hanyoyin da suka ratsa MPLS sai an zuba su cikin BGP na kamfanin sannan a dawo maka da su, to suna zuwa ne a matsayin na wata eriya (yankunan da OSPF ke kasa netwok), ko ma na waje in lambar domen (shaidar OSPF ɗinku a rautocin kamfanin) ba ta dace ba, shi kuma OSPF kullum hanyar cikin eriyarsa yake fifitawa ko da ka ƙara mata kos (tsadar hanya) ya kai ina. In rediyon na eriya ɗaya da ofisoshin biyu, duk zirga-zirgar Kano da Kaduna ta kansa za ta bi, faibar da kuke biya wa kuɗi tana zaune ba aiki. Maganinsa sham-link, wanda ke sa OSPF ya ɗauki hanyar MPLS a matsayin ta cikin eriya, kuma a rautar kamfanin ake sa shi ba taku ba, duk gyaran da kake so sai ka kira su ka jira, Allah ya sa ka samu wanda ya gane abin.

Ka ɗauki BGP a Kano da Kaduna. A rautar Cisco lambar fifiko ta eBGP (BGP tsakaninku da kamfanin) 20 ce, ta OSPF 110, ƙarama ke ci, don haka MPLS zai ci da kansa, rediyo ya jira ranarsa.

Hajiya_IT:
Gaskiya Malam ya faɗa. Amma in lambar AS (lambar shaidar netwok a BGP) ɗaya suka ba duk ofisoshinku, rautarka za ta ƙi karɓar hanyar da ta ga lambarta a ciki, sai sun sa as-override ko kai ka sa allowas-in, saitunan da ke bari hanyar ta wuce. Ni na fi son kowane ofis da tasa, daga 64512 zuwa 65534 ai akwai su birjik. Ka kuma ce su kunna BFD, mai gano mutuwar layi nan take, in ba haka ba layi ya mutu BGP zai iya jira har daƙiƙa 180 kafin ya farga.

Injiniya_Kn:
Na gode sosai. To rautar Kaduna Mikrotik ce fa, lissafin zai canza?

Malam_Rauta:
A'a, ita ma 20 da 110 ne. Ka dai tabbatar girman sabnet (rukunin adireshi) ɗin da kake tallatawa ta ɓangarorin biyu ɗaya ne, in na rediyo /24 ne na MPLS kuma /22, rediyon zai ci, don rauta ƙaramin sabnet take fifitawa, /24 kuma ya fi /22 ƙanƙanta.