Shawarwarin da aka bayar kan sana'ar zane da buga riguna a Zariya

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawararmu:

1. Kusan kowa ya yarda a karɓi kafin alƙalami kafin fara aiki, musamman fastocin siyasa. Zaɓe na wucewa, wasu sai su daina ɗaga waya.

2. Ciniki ya fi a Samaru da Kongo lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke kammala karatu suna buga riguna, sai kuma buga bajen (tambarin) makarantu.

3. Da hunturu fenti kan bushe ya toshe ragar da ake buga zane da ita. A wanke nan take.

4. An rabu kan inda ya fi dacewa a koyi sana'ar. Wasu sun ce sashen zane na ABU, wasu sun ce zama gaban maigida a Sabon Gari da koyon CorelDRAW (manhajar zane ta kwamfuta). Ni dai na fi karkata ga masu cewa a fara ƙwarewa a zanen hannu.