Firizata ta daina sanyi wata 2 bayan garanti ya ƙare, shikenan na yi asara kenan?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mani da shawara kaina ya ɗaure. Bara gab da azumi na kwashi adashi na haɗa da ɗan abin da maigida ya ƙara mani na sayi firiza sabuwa fil a kwalinta a wani shago nan cikin garin Katsina, irin mai buɗewa ta sama ɗin nan, naira dubu 385 har da kuɗin mai kurkura da ya kawo mani ita Kofar Marusa. Da ita nake ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, ita ce jarina gaba ɗaya. To ranar Talata da safe na buɗe na tarar komai ya narke, kunun aya ya yi tsami sai zubarwa na yi. Fitilarta tana kamawa, sai ka ji ta yi ɗan gurnani ta ce ƙyas ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake, sanyi kau babu ko kaɗan. Maigida ya je wajen mai shagon, wai ko tashi bai yi daga kujera ba yace garanti shekara ɗaya ne kuma yanzu wata 14, sannan ya nuna mashi ƙasan rasit inda aka rubuta kaya in sun fita ba a maidowa. Ni dai tambayata, abin da mutum ya saya kusan dubu ɗari huɗu ace shekara ɗaya da wata biyu ya mutu kuma ba ka da ta cewa? Ko akwai inda ake kai ƙara?

Sanusi Mai Firji:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya maida alheri. Kafin maganar ƙara, don Allah kar ki bari kowa ya yanke mata bututu ko yace zai ƙara mata gas. Wannan ƙyas ɗin da kike ji sau da yawa ba kwamfiresa, wato injin da ke sa ta sanyi, ba ce ta mutu, wani ɗan abu ne baƙi manne a jikinta da muke ce ma rile, shi ke tada ita, in ya ƙone sai ta yi ta ƙoƙarin tashi tana kasawa, obalod, ɗan abin da ke kare ta daga ƙonewa, ya katse ta, shi ne ƙarar. Kuɗinshi bai taka kara ya karya ba. Amma fa zai iya zama kwamfiresar ce ta cije, sai an gwada da mita ake ganewa. Yanzu dai ki cire ta daga soket ki bar ta, barinta tana wannan ƙyas ƙyas ɗin shi ke ƙarasa kashe ta.

Kuma ki nemo katin garantin da ya zo cikin leda tare da ɗan littafinta, ba rasit ɗin shago ba. Kamfanoni da yawa garanti biyu suke badawa, na jiki shekara ɗaya, na kwamfiresa daban mai tsawo, wasu shekara 3 wasu 5 wasu ma 10, wani lokacin har sitika ake mannawa a murfi. Masu shago ba su cika faɗa ba don kai kaya wajen kamfani wahala ce gare su. Abin da yasa nace kar a yanke bututu, da zarar injiniyan kamfani ya ga alamar walda zai ce an taɓa, garantin ya tashi. Tambaya biyu, kina da sitabilaiza? Kuma kina sa wuƙa wajen ɓamɓaro ƙanƙara?

Maman Ilham:
Na gode Malam Sanusi Allah ya saka. Wuƙa a'a wallahi, cokalin roba nake sawa. Sitabilaiza akwai amma wani lokacin in wuta ta yi ƙasa sosai ba ta ɗauka sai in jona kai tsaye, gaskiya kenan. Katin kuma sai na bincika, ina jin yana cikin akwatin da nake aje takardun haihuwar yara.

Alhaji Babangida:
Hajiya ki yi haƙuri, ni ɗan kasuwa ne kayan wuta nake saidawa, ban san wanda ya saida maki ba amma bari in faɗi tamu. Mu ma sarowa muke daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, ribar firiza ɗaya ba ta kai yadda mutane ke zato ba, in duk wanda kayanshi ya lalace bayan shekara zai dawo mana da shi to wa zai rage a kasuwa? Ga shi da bakinki kin ce kina jonawa kai tsaye lokacin da wuta ba ta da ƙarfi, kuma firizar gida kika maida ta ta sana'a tana aiki dare da rana a zafin Katsina. Inda ban bi bayan ɗan uwana ba shi ne yadda ya karɓi maigidanki. Ko ba ka da abin yi ai ka tashi ka jajanta ka ɗauko lambar injiniyan kamfani ka bada.

Yaya Rabi'u:
Alhaji gaskiyarka ta wani gefen, amma wancan rubutun na ƙasan rasit ba doka ba ne, kuma ba ya goge haƙƙin da doka ta ba mai saye. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, marigayi Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 131 yace mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci marasa aibi, waɗanda za su yi aiki su kuma jure na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka, gwargwadon yadda aka saba amfani da irinsu. Sashe na 132 kuma yace cikin wata 3 da karɓar kaya in sun gaza za ka iya maidawa, a gyara ko a canza ko a baka kuɗinka.

To Maman Ilham kar in yaudare ki, wata ukun nan ya wuce ki tuni, don haka maganar ki ajiye mashi firiza ki ce a baki kuɗinki nan take babu ita. Abin da ya rage maki shi ne maganar juriya, ba wanda ke sayen firiza da niyyar ta yi wata 14. Garanti alkawari ne da kamfani ya ƙara daga aljihunshi, ƙarewarshi ba ta nufin dokar ƙasa ta ƙare. Sai dai nauyin nuna cewa aibin daga ƙira ne ba daga wuta ko riƙo ba zai fi faɗowa kanki, nan ne gizo ke saƙar, kuma wannan jonawa kai tsaye da kika ambata ita za su fara kamawa.

Ni da ni ne, zan sa injiniyan kamfani ya duba ya rubuta abin da ya gani a takarda. In ta nuna aibin ƙira ne sai a rubuta ma mai shago da kamfani wasiƙa gajera, ranar saye, kuɗi, lambar jikin firiza, abin da kike nema, a aje kwafi. In sun yi biris sai a shigar da koke a shafin FCCPC na intanet da hoton rasit da katin. Su kan tuntuɓi kamfani, kuma kamfani ya fi jin kunyar takardar hukuma fiye da hayaniya a bakin shago. Amma ki sa haƙuri, ba abu ne na sati ɗaya ba. Kotu tana nan, sai dai a lissafa kuɗin zirga-zirga da na gyaran tukuna.

Malam Nuhu Daura:
Ƙari a kan bayanin Rabi'u. A fiƙihu akwai abin da ake kira khiyarul aibi, wato in ka sayi abu sai aibi ya bayyana wanda yana nan tun kafin ciniki kuma ba ka sani ba, kana da zaɓin maidawa. Sharaɗin shi ne aibin tsoho ne, ba wanda ya faru a hannunka ba, kuma in an yi saɓani masana abin ake tambaya, a nan kenan masu gyara amintattu. Kun ga kusan wuri ɗaya aka dawo. Sannan mai shago in ya san akwai garantin kwamfiresa ya yi shiru don gudun wahala, ya tuna hadisin wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Shawarata kafin takarda ta je Abuja maigidanki ya samu shugabannin 'yan kasuwar layin, ɗan kasuwa ya fi tsoron a zaunar da shi gaban abokan sana'arshi.

Ummu Sadiq:
Ni da nake Ingila abin ya bani mamaki da farko, a nan dokarsu ta 2015 kwana 30 na farko kana iya maida kaya mai aibi a baka kuɗinka, cikin wata 6 mai shago ne zai tabbatar ba da aibin ya saida maka ba, bayan nan har shekara 6 kana iya neman haƙƙi amma kai za ka kawo hujja. Kuma mai shago ake kamawa ba kamfani ba. Injin wankina ya tsaya a shekara ta biyu sai da na biya wani ya rubuta rahoto kafin suka saurare ni, to ko nan ɗin ma ba a kwance ake samu ba Anti.

Sanusi Mai Firji:
Na manta, duk wanda ya ce maki gas ya ƙare ki tambaye shi ta ina ya fita. Gas ɗin firiza ba ƙonewa yake kamar na girki ba, zagaye yake cikin bututu, in ya ragu to huda ce, a ƙara ba a toshe ba sati biyu kin dawo. Kuma yawancin sabbin nan gas ɗin da ake ce ma R600a ne cikinsu, yana kama wuta, ba kowane yaro mai gas da walda ake ba ba. In an gyara ki sayi ɗan gad ɗin nan na soket mai jinkirta ta mintoci kaɗan in wuta ta dawo, kuma in sitabilaiza ta ƙi ɗauka to ki haƙura da ƙanƙarar ranar.

Maman Ilham:
Jama'a Allah ya biya ku. Na ga katin, ba ya cikin akwatin ashe yana bayan hoton bikinmu, kuma Malam Sanusi kamar ka gani, an rubuta kwamfiresa shekara 3. Matsalar mai shagon bai buga hatimi ba bai sa kwanan wata ba, wajen fari fat. Maigida ya kira lambar da ke jiki sun ce injiniyansu daga Kano yake zuwa, a tanadi rasit da katin, in rile ne mu za mu biya in kwamfiresa ce su za su kawo amma kuɗin aiki da gas namu ne. Yanzu maƙwabciyata ta bani aron gefe a tata ina ɗan sa zoɓo. Yaya Rabi'u rashin hatimin nan zai iya ɓata mani magana, ko rasit ɗin kaɗai ya isa tunda akwai kwanan wata a jikinshi?

Alhaji Babangida:
Ki turo maigidan da katin da rasit gobe bayan azahar, ki faɗa mani layin shagon ta saƙo. Ni zan raka shi a buga hatimin.