Kwandansar firizata tana yoyo: a yi walda ko a canza?

Mai_Ƙanƙara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Firizar da nake yin ƙanƙara da ita irin mai kwandansa (bututun da ke fitar da zafi) da fanka ce a waje. Yanzu ruwan leda sai ya kwana bai daskare ba, kwamfaresa (injin da ke tura gas) tana ɗauka tana yankewa, hannu ba ya iya taɓa ta don zafi. Mai gyara ya shafa kumfar sabulu a lanƙwasar bututu, sai ga wurin yana hura kumfa, ga kuma maiƙo. Ya ce walda da gas dubu 25, sabuwar kwandansa dubu 60. Ga azumi ya ƙarato. Wanne kuka ga ya fi?

Abu_Fatima: Ƙurar hunturu ce kawai ta toshe kwandansar. Sa buroshi ka share, tawa haka ta yi.

Oga_Sanyi: Abu Fatima, ai ya ce an ga kumfa. Maiƙon nan man kwamfaresa ne yake biyo gas ya fito. Malam, in bututun tagulla ne kuma ɓula ɗaya ce, walda ta isa. In na ƙarfe ne tsatsa ta ci, yau ka liƙe nan gobe can ya buɗe, gara ka canza. Ko wanne ka zaɓa, a sa sabuwar diraya (matatar da ke tsane danshi daga gas), a gwada yoyo da iskar naitirojin, a zuƙe iska da injin bakiyum kafin a zuba gas. Ka duba jikin kwamfaresa ka ga irin gas ɗin, R134a ne ko R600a. Na biyun yana kama wuta, kada a kunna walda sai an fitar da shi tas. Fankar ma a duba ta.

Hajiya_Mai_Kifi: Ni dai Allah ya isa tsakanina da wani mai gyara. Ya zuba gas, kwana kaɗan sanyi ya ɗauke, ya dawo ya sake zubawa, kuɗi daban. Injin zuƙe iskar nan ban taɓa ganin ya zo da shi ba. Ranar da kwamfaresa ta ƙone, na buɗe da asuba na tarar kifi ya saki, jini da ruwa sun cika ƙasan firiza, wari har maƙwabta. Kayan bashi ne wallahi, har yau ina biya. Shi kuwa ya daina ɗaukar wayata.

Abu_Fatima: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Shi ya sa ba na yarda da su.

Ɗan_Sabongari: Dubu 60? An cuce ka. Dubu 35 na sayi tawa.

Oga_Sanyi: Ta wane girman? Sabuwa ko ta hannu? Ni ko a 70 ba na samun ta babbar firiza.

Hajiya_Mai_Kifi: Oga, ka yi haƙuri, ku dama kare juna kuke yi.

Oga_Sanyi: Hajiya, sana'ata ke nan tun ina yaron shago. Wanda ya share ƙura sau ɗaya ba zai koya mini ita ba.

Ɗan_Lele: Malam, ka koma randa, ita ba ta shan gas.

Baban_Walid: Duk ba wannan ba. Wutar da ake kawo mana ko fanka ba ta juyawa sosai, ina kwamfaresa za ta rayu? Tun da aka ƙara wa 'yan Band A (rukunin farko na masu biyan wuta) kuɗi a 2024 aka ce awa 20 a rana, mu ko rabi ba ma gani.

Ɗan_Sabongari: Ku da kuke da mita ma kenan. Zo ka ga takardar da aka kawo mini wannan watan, shago a rufe!

Mai_Ƙanƙara: Oga, na goge bututun, ƙarfe ne. Amma tsatsar wuri ɗaya ce.

Baban_Walid: Ɗan Sabongari, nawa suka rubuto maka?