Wa ya taɓa gina dandalin sada zumunta a kan manhajar wiki?

Abu Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da ƙungiya ta masu gyaran tsofaffin rediyo, amma iliminmu duk ya watse a rukunin hira, abin da aka yi bayaninsa yau, jibi sai wani ya sake tambaya. Na kafa MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke aiki da ita inda mutane ke rubuta shafuka su gyara tare, a kan sabar da na yi haya, sai zuciya ta ce mini me zai hana ta zama dandalinmu gaba ɗaya, kowa da shafinsa da hotonsa da abokansa. Kafin in zuba ƙarfina, wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam Malam. Na yi, kuma har yanzu namu yana raye. Abin da kake nema sunansa SocialProfile, ƙari ne da ake ɗora wa MediaWiki. Asali an rubuta shi don ArmchairGM, wani wiki na masoya wasanni da kamfanin Wikia ya saya. Zai ba kowa hoton fuska, allon saƙo, jerin abokai, kyaututtuka, da maki da matsayi. Har jerin abokan gaba yana da shi, wallahi ba wasa nake ba.

Makin nan ne ya ba ni wahala, kuma laifina ne. Na sa duk gyara ɗaya a ba mutum maki. Cikin mako guda wasu samari biyu suka gano hanya: wannan ya saka waƙafi, wancan ya cire, su sake. Suka haye saman jeri, alhali dattijon da ya zauna ya rubuta mana dogon bayani a zama ɗaya yana can ƙasa. Ya yi shiru bai ce komai ba, ya daina shigowa. Sai da na kira shi na ba shi haƙuri, na rage makin gyara ya koma kusan babu.

Injiniya Bala: Ni nawa ya mutu, bari in faɗa maka abin da ya kashe shi. Wiki ba ta mantuwa. Wata 'yar'uwa ta rubuta lambar wayarta a shafinta, daga baya ta goge, tana ganin shi ke nan. Ga lambar nan zaune a tarihin gyara, duk wanda ya danna zai gani. Sai da mai gudanarwa ya shiga ya ɓoye tsohon zubin da hannu, kuma kafin nan an riga an dame ta da kira. Ta fita, ƙawayenta suka bi ta.

Na ce to bari in yi irin na Facebook, wannan abokai kaɗai za su gani, wancan kowa. Na gwada Lockdown, wani ƙari mai taƙaita wanda zai iya ganin wasu shafuka. Su kansu masu MediaWiki sun rubuta gargaɗi ƙarara cewa ba a gina ta don ɓoye wasu shafuka ga wasu mutane ba, abu na iya yoyo ta wurin bincike ko ta jawo shafi cikin wani shafi. Ni ne ban ji ba. Abin da take yi da kyau biyu ne: ko a buɗe wa kowa, ko a rufe wa duk wanda ba shi da asusu, kuma layi kaɗan ne a LocalSettings.php, fayil ɗin saitin wikin. Sannan ka tuna, in ba ka canja saiti ba, kowa na iya gyara shafin kowa, har wanda ke ɗauke da sunanka.

Ummi K.: Kada ka bar ƙofar rajista a buɗe ko na kwana ɗaya. Na kwanta da wiki mai tsabta, na tashi da ɗaruruwan asusun bogi da tallan banza. Ƙarin Nuke, mai goge shafuka da yawa a lokaci guda, shi ya share mini shafukan tallan. Yanzu QuestyCaptcha, mai yi wa mai rajista tambaya don tare asusun bogi, nake amfani da shi, tambayar kuma ni na rubuta ta daga abin da ɗan ƙungiya kaɗai zai sani. Kai ma ka tambaye su wani abu na cikin rediyo.

Malam Tsoho: Yara, wannan rigimar ta girme ku. Tun 1995 da Ward Cunningham ya kafa wiki na farko, shafi ne sarki, ba mai rubutu ba. Dandalin sada zumunta kuwa mutum ne a tsakiya. A Wikipedia ta Turanci an taɓa yin wata ƙungiya mai suna Esperanza a 2005 don ƙarfafa zumunci tsakanin editoci, a farkon 2007 aka rufe ta, ɗaya daga cikin ƙorafin shi ne hira ta fi aiki yawa. Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, da kansa ya buɗe dandalin WT.Social a 2019, babu talla, mambobi na iya gyara kanun labarin da wani ya saka. Na yi rajista a makon farko-farko. Ranar da na ga baƙo na iya taɓa rubutuna, ni da na shekara goma ina gyara na mutane, sai da gabana ya faɗi.

Maman Hanif: Baba, ai shi ya sa na ce namu yana raye, ban ce ya zama Facebook ba. Mutanena ba don gaisuwa suke zuwa ba, akwai abin da muke rubutawa tare, zumuncin a gefen aikin ya tsiro. Shi ma Malam Abu Sadik yana da wannan, zanen wayoyin rediyo da sunayen kayan gyara ai abin tarawa ne.

Sani Lambobi: Ku ƙara da shafin tattaunawa. Na ce wa mutane su sa ruwa biyu a farkon layi in za su ba da amsa, su rufe da alamar ~ guda huɗu don sa hannu. Rabinsu a waya suke, suka watse. Da na ɗora DiscussionTools mai maɓallin amsa, da Echo mai sanar da mutum an ambace shi, abin ya yi sauƙi. Amma shafin sauye-sauyen baya-bayan nan bai taɓa maye gurbin jerin labaran abokai ba, mai gadi yake yi wa amfani, ba mai neman hira ba. Ƙarshe dai raba gari na yi: ilimi a wiki, surutu a Discourse, wata manhajar zauren tattaunawa.

Abu Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rufe rajista tun ina karanta saƙon Ummi. Yaya Sani, raba garin nan bai sa mutane buɗe asusu biyu ba?

Sani Lambobi: Da farko ya sa, kuma sun yi ta mita. Daga baya na haɗa su da shiga guda ta OpenID Connect, tsarin da ke sa asusu ɗaya ya yi aiki a wurare biyun, a ɓangaren wiki ƙarin PluggableAuth ne ke riƙe da shi. Ka fara gwadawa a kwafin wikin, ni na kulle kaina a waje har kwana biyu.